Hanjin Mervyn Tulloch da Aka Bari Ba Aikin Yi

Glenys Tulloch,
Gonar Tulloch, Warrindi Flat,
Queensland.
9 ga Satumba, 2024.

Shugabar Sashen Tiyata,
Asibitin Gundumar Warrindi.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: JINKIRIN MAYAR DA HANJIN MAIGIDANA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da ƙorafi a madadin maigidana, Mervyn Tulloch, mai askin tumaki, ɗan shekara sittin da takwas. Bai san na rubuto ba.

1. Ranar 4 ga Yuli, 2023, aka yi masa tiyata, aka fito da hanjinsa ta gefen ciki, bayan gida na zuba cikin jaka. Likita ya ce bayan wata uku za a mayar. Yau wata goma sha huɗu.

2. Tun Janairu, ragowar hanjin da aka bari ba aiki ya kumbura. Jini da majina na fita ta ƙasa. Yakan ruga banɗaki, ya daɗe yana nishi, ya fito ba komai. Likita ya bayyana mana cewa hanjin yunwa yake ji, don abin da ke ciyar da shi ya daina bi ta nan. Mervyn ya ce duk danginsu ba mai iya zaman banza, shi ma hanjin gado ya yi.

3. Sau uku ana sa rana ana ɗagawa. Na ƙarshe, 12 ga Yuni, sai da muka yi tafiyar kilomita ɗari uku, yana zaune kan tawul da yunwar kwana guda, sannan aka sanar da mu a bakin ƙofa.

4. Mutumin da ba a rufe kasuwar tumaki sai an ji muryarsa, yanzu ko shago ba ya zuwa. Wai motar ce ba lafiya. Motar lafiyarta lau.

5. An umarce ni in riƙa ɗura masa magani ta dubura safe da yamma. Ina yi. Shi kuma yana kallon bango yana ba ni haƙuri.

Don haka ina roƙo a sa ranar da ba za ta motsa ba, a rubuce. Ranki ya daɗe, fuskar mutumin nan na gani na aure shi, ita nake so in koma kallo.

Taki cikin ladabi,
Glenys Tulloch