Ka Sauko Daga Dutsen Panda, Yosiya

Keffi, ranar Laraba.

Zuwa ga abin ƙaunata, mijina Yosiya, Baban Judit, inuwar mangwarona a zafin watan Maris, ruwan farko da ke sauka a kan kunyar doya, sanyin randa ga wadda ta dawo daga kasuwa. Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da kewar da takarda ba za ta iya ɗauka ba.

Yau kwana bakwai da ka hau dutsen addu'a na bayan Panda tare da maza 'yan ikilisiyarmu, domin azumin kwana ashirin da ɗaya. Wayarka a kashe take. Shi ya sa na ɗauki biro. Baba Manasseh, dattijon da ke kai muku ruwa a motarsa, shi zai miƙa maka wannan wasiƙa da ƙullin da ke tare da ita.

Masoyina, jiya na buɗe durowar gadonmu ina neman zare, sai na ga abin da ban taɓa zato ba. Maganin ciwon sugarka, duka kala biyun, da na'urar gwajin jini, a ƙarƙashin tsofaffin singiletinka! Kwalin da aka ba ka tun kafin Kirsimeti ko buɗe shi ba ka yi ba. Ba kai ne ka tsaya a bakin ƙofa ka dube ni cikin ido ka ce, "Mama Judit, komai na cikin jaka" ba? Shekara ashirin da shida ban taɓa kama bakinka da ƙarya ba. Me ya sa ta farko za ta zama wadda za ta iya raba ni da kai?

Ka tuna shekara biyu da suka wuce, lokacin da ƙishirwa ta hana ka sakat, wandunanka suka yi maka yawa, Dokta Madina ta dubi takardar gwaji ta faɗa mana sunan ciwon? A hanyar gida ka tsayar da babur a gadar Antau. Ruwa ya ja baya, mata na wanki a kan duwatsu, wani mai rake ya wuce ta gabanmu ka bi shi da kallo. Ka ce, "To Zipora, daɗin duniya ya ƙare." Na kama hannunka a gaban mutane, abin da ban taɓa yi ba, na ce duk abin da ka ci shi zan ci. Na saɓa? Na bar suga a shayi. Na koyi dafa acca yadda ba za ta gundure ka ba, na shuka zogale a bayan gida, sakwara ta koma daidai dunƙulen hannu, miya ta fi tuwo yawa. Kullum in ka taso daga ofis muna takawa har ƙofar jami'a mu dawo, ɗalibai suna tsokanarmu wai tsofaffi na soyayya. Sugar da ta haura ɗari uku ta sauko ɗari da ashirin. Wallahi ban taɓa ganin ka yi kyau kamar a watannin nan ba, kamar itacen da aka yi wa sassabe ya sake toho!

Na san abin da ya karya maka zuciya. Ranar azumin ikilisiya a watan Disamba ka haɗiye ƙaramar ƙwayar nan mai saurin saukar da suga ba ka ci komai ba. Kana tsaye kana ba da waƙa, gumi ya keto maka, hannunka ya kama rawa, ka zube a kan benci a gaban jama'a. Ni na riƙe kanka ina ba ka lemon kwalba kaɗan-kaɗan har idonka ya dawo. Da muka koma gida ka ce magani ne ya kunyata ka, kuma ba za ka ƙare rayuwarka a matsayin mutumin da matarsa ke auna wa tuwo ba. Haba, hasken idona! Wa ya ce maka auna tuwon nan nauyi ne a gare ni? Ba maganin ne ya kayar da kai ba, shan sa a kan yunwa ne.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ƙafarka. Ciwon nan na babban yatsanka na hagu, wanda ƙusa ta yi maka ba ka ma ji ba sai da na ga jini a safa, bai warke ba ka tafi. An ce mini a kan dutsen ba a sa takalmi. An ce da burodi da shayi mai suga da shinkafa kuke buɗe baki. Yini babu abinci, yamma zaƙi, babu magani, babu gwaji, ga rauni a kan tsakuwa. Yosiya, kai ne ka ɗauki babana daga Gitata ka kai shi asibiti da irin wannan ciwon. Da yanke yatsa ɗaya aka fara. Ka san inda aka tsaya. Ashe zan sake ganin wannan da idona, a jikin wanda ya fi mini kowa?

Jiya ban zauna ba. Na je wurin Dokta Madina. Ta ce, "Madam, ba azumin nake faɗa da shi ba. Akwai masu suga da muke sauya wa lokacin magani su yi azuminsu lafiya. Amma mai rauni a ƙafa da ya bar magani wata guda, ki kawo mini shi gobe, ba jibi ba." Daga can na wuce gidan Fasto Wilson. Ya riƙe baki, ya ce shi bai san ba ka da lafiya haka ba, da bai bar ka ka shiga motar zuwa dutsen ba. Ya ce in gaya maka Allahn da ya ba ka bangaskiya shi ya ba likita ilimi, kuma babu wanda zai ce ka gaza.

Ga roƙona, ina durƙushe. A cikin ƙullin akwai na'urar, da maganin, da takalminka mai laushi, da dafaffen wake da ƙwai. Ka wanke hannu ka gwada jininka a gaban Baba Manasseh, ka rubuta lambar. Ka ci abinci. Kada ka taɓa ƙaramar ƙwayar sai likita ta gan ka. Sannan ka shiga motar ka dawo mini yau.

Idan alkawarin da ka yi wa Allah ne ke riƙe da kai, to ka ji nawa. Saura kwana goma sha huɗu. Ni lafiyata ƙalau, tun safiyar yau na ɗauka daga inda ka tsaya, kuma zan kai shi ƙarshe. Kai ka yi addu'a, ni in yi yunwar. Ba jiki ɗaya aka ce mun zama ba?

Idan kuwa motar ta dawo babu kai, gobe da hantsi zan hau dutsen nan da wannan gwiwar tawa mai ciwo, da bokiti da bandeji. Zan ratsa tsakiyar mazan, in zauna a ƙasa in wanke ƙafarka a gabansu. Ka ji haushina shekara guda in kana so. Gara ka yi fushi da ni kana tsaye da ƙafafunka biyu.

Taka ce ni jiya, taka ce yau, da lafiya da ciwo, har ranar da za a rufe ni.

Matarka mai jiran ƙarar mota,
Zipora