Na Sayi Almakashi Saboda Gashin Ɗana

Inna Fuatino, ki taimake ni kafin in aikata abin da zan yi nadama. Ɗana Peniamina, wanda 'yan gida ke kira Mina, fa'afafine ne, namiji mai ɗabi'ar mata. Duk ƙauyenmu an sani, kuma ban taɓa ɗaga masa hannu a kan haka ba. Shi ke yi wa tsohuwata wanka, shi ke wanke kayan ƙannensa mata, a ɗakinsu ma yake kwana, ga iya miyar kwakwa da ko uwarsa ba ta kama ƙafarsa ba. Amma ai na gida daban, na bainar jama'a daban.

Sai ga wata Malama Leota, wai malamar ba da shawara, an turo mana ita daga Apia, babban birni, da takalmi mai tsini. Aikinta kawai ta zauna ƙarƙashin fanka yara suna yi mata kuka. Bara da shugaban makaranta ya aske Mina a gaban taro har yaron ya daina zuwa, ita ta biyo shi gida, ta zauna a tabarmata, ta sha kokona, ta lallaɓa shi ya koma. Wannan na gode. To daga nan ta samu fuska. Ta sa an bar shi ya tara gashi, yanzu kuma wai a bikin rufe makaranta zai yi rawar gargajiya ta siva a sahun 'yan mata. A gaban fasto fa, ni kuwa ana shirin naɗa ni dikon a coci. Na kai mata kwandon gwaza da kifi don ta janye, ta karɓa, ta raba wa ɗalibai, ta ce Mina za a tambaya. Shi kuma ya ce in aka taɓa gashin nan, shi da makaranta har abada. Ni dai na sayi almakashi.

Uba mai jin kunya, Savai'i

Ɗan'uwana, Malama Leota tana da nata laifin. Ya kamata ta zo ta zauna da kai kafin a tsara sahun rawa, ba ka tsinci labarin a bakin mutane ba. Je ka gaya mata haka, amma bar kwandon a gida.

Sauran kuwa, sake karanta wasiƙarka. A wane gida na Samoa ɗa namiji ke taɓa kayan 'yan'uwansa mata, balle ya kwana a ɗakinsu? Da yaron maƙwabci ne ya yi haka, da kai za ka fara kai ƙararsa gaban dattawa. Ashe kai ne ka sa Mina a sahun mata tun tuni, ranar da ka ga akwai wanki da jinya. Da 'yar taka take sunkuye a kan bahon tsohuwarka ba ka ji kunya ba, sai da za ta miƙe tsaye a tafa mata. Shi ma faston da kake tsoro, na tabbata ya sha miyar nan ya nemi ƙari.

Dikon ana naɗawa kowace shekara. Yarinyar da ubanta ya aske da hannunsa, babu malamar da za ta iya maido da ita aji. Ka sa farar rigarka, ka zauna a gaba, ka riga kowa tafi. Almakashin kuma ka miƙa wa Mina, tana da rigar rawa da za ta yanka.

Allah ya sanyaya maka zuciya, ya ba tsohuwa lafiya.

Inna Fuatino