Rigar da Kudus Zai Sa

Zuwa ga Yayana Alhaji Mashud, Aboabo, Kumasi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali baki ɗaya. Allah ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan, ya ƙara nisan kwana. Mu nan Bronx lafiya lau muke, sai sanyi da ya fara leƙowa. Ina nan da aikina na kula da tsofaffi, tsohuwar da nake dubawa yanzu har ta iya cewa sannu da aiki. Maƙwabciyata Hamdatu za ta gida duba mahaifiyarta, shi ya sa na ba ta takardar ta kawo maka hannu da hannu, domin na lura kwanan nan kiran kowa yana shiga wayarka ban da nawa. Na ce ta zauna a zaurenka sai ta ga ka karanta.

Yaya, raina a ɓace yake, kuma da kai nake. Ba zan kewaya ba. Ka tuna ranar da ka miƙo mini Kudus yana ɗan shekara biyar, a gaban marigayiya Inna, ka ce ga shi nan in riƙe, ya zama ɗana, kai ka cire hannunka? Tun daga ranar ban taɓa jin sunansa a bakinka ba. In mun yi waya, iyakarka ka ce yaya yaron nan naki, ka wuce zancen farashin masara. Ban taɓa ganin laifinka ba. Ɗan fari ne, alkunya kake yi, haka Baba ya yi maka har ya koma ga Allah. Ni ce ma nake fahimtar da Kudus in ya tambaya, in ce masa a wajenmu uba ba ya nuna son ɗan fari a fili, son yana ciki. Yaron da ya tashi a New York, inda iyaye ke tsayawa bakin fili suna ihun sunan 'ya'yansu har murya ta dishe, ya haɗiye wannan bayani nawa bai taɓa musu ba.

Tunda ba ka tambaya, bari in ba ka labarin yadda aka yi. Yana sakandare wani malaminsu ya gan shi ya rasa bas a Fordham Road, ya bi ta a guje da jaka a baya, ya riga ta isa tasha ta gaba. Washegari ya kai shi filin zari-ruga. Ranar da na fara zuwa kallo na ɗauka faɗa ake yi, ƙarti sun haɗa kai suna turereniya a kan wata ƙwallo mai siffar gwanda, saura kaɗan in shiga fili in janye ɗana. Daga baya na gane aikinsa. Shi winga ne, a can gefen fili yake tsayawa yana jira, in ƙwallo ta iso hannunsa sai gudu, ƙarti su biyo shi, shi kuwa ya dire ta a bayan layi kafin su cim masa. Da ya karya ƙashin kafaɗa ni na riƙa ba shi koko da cokali. Da likita ya ce ya huta saboda buguwar kai, ni na ɓoye takalmansa a gidan Hamdatu. Daga makaranta ya wuce kwaleji, daga nan ƙungiyar ƙwararru ta ɗauke shi, kuma a kakar da ta wuce babu wanda ya kai shi dire ƙwallo a ƙungiyarsu. Watan jiya kocin ƙungiyar ƙasar Amurka ya kira shi, ya ce ya zo sansanin horo ƙarshen watan nan, in ya yi abin kirki zai sa rigar ƙasa. Ina kicin ina dafa wake da shinkafa ya shigo ya durƙusa, wannan ƙaton, ya kifa kai a zanina yana kuka.

Ana cikin wannan murna sai wani ya nuna maka bidiyonsa a waya. Labari ya iso ni, Yaya, Bronx da Aboabo ba su da nisa. An ce a wajen wani suna ka miƙe a gaban jama'a ka ce ɗanka ne, kuma rigar Ghana zai sa. An ce har ka yi wa wani mai nema wa ƙasa 'yan wasa alkawari, ka ce ya bar maganar a hannunka. Sannan ka ɗauki waya ka kira yaron, ka buɗe baki ka ce Kudus. Shekararsa ashirin da huɗu, ranar ya fara jin sunansa a bakin ubansa. Ya zo mini jikinsa a sanyaye, ya kasa cin abinci. Shi da in na yi masa Hausa sai ya amsa da Turanci, ranar da Hausarsa mai gargada ya ce mini babansa ya kira sunansa, ta yaya zai ce masa a'a. Wallahi abin nan ne ya fi ƙona mini rai. Alkunyar da ka riƙe shekara da shekaru, wadda na yi ta kare ka a kanta, ashe tana sauka in buƙata ta taso.

Na san ba ka san dokar wasan ba, to ka sani. In ya buga wa ƙasa ɗaya wasa ko sau ɗaya ne, ta ɗaure shi. Kafin ya sauya sai ya yi shekara uku bai sa rigar kowace ƙasa ba. Winga kuwa da ƙafarsa yake ci, kuma ƙafa ba ta jiran kowa, a shekara uku an samu wani yaro mai ashirin da ya fi shi sauri. Kada ka ce na raina Ghana, tutarta tana rataye a falona, kuma mutumin da ka yi wa alkawari aikinsa yake yi, ba ni da ta cewa a kansa. Amma a nan aka san Kudus, a nan ya zubar da gumi, kuma 'yan nan ne ke shirin zuwa gasar duniya. Ka tambaye shi abin da yake so? Ni ka tambaye ni? Ko aurensa ne ya taso, ai wajena za a fara zuwa, kai ka kafa wannan da bakinka.

Har yanzu bai ba koci amsa ba, mutumin yana jira, kuma ba zai jira har abada ba. Zan iya hana Kudus zuwa Accra, in na ce kada ya je ba zai je ba. Amma ba zan sa shi ya zaɓa tsakanina da kai ba, domin duk wanda ya bi, da ciwo zai shiga fili. Kai ka ɗaura, kai za ka kwance. Ka kira shi kafin watan nan ya ƙare, ka ce ka janye, ya je inda aka kira shi da albarkarka. In kunyar abokan hirarka na ƙofar masallaci kake ji, ka ce musu Zuweira ce ta yi taurin kai ta hana. Sun san ni tun ina tallan ƙosai, babu wanda zai yi mamaki.

In kuwa ka yi shiru, zai zo maka, domin yaro ne mai biyayya, ni na rene shi. Amma ba shi kaɗai zai taso daga filin jirgin JFK ba, jirgi ɗaya za mu shiga. Ranar wasan zan zauna daf da kai a gaban abokan naka, in 'yan wasa sun fito in nuna maka wanne ne ɗanka, domin ba na jin za ka gane shi.

Ka gaida mini Yaya Shamsiya mahaifiyarsa, na san ita ma tana ji a ranta ko da ba za ta faɗa ba. Ka gaida Zalia da yaranta, man zafin da ta ce yana jakar Hamdatu. Shi Kudus bai san na rubuto ba. Allah ya bar zumunci, ya sa ka ji.

Ƙanwarka,
Zuweira