Inji ya ce jikata ta kwafa

Sokode, daren Laraba

Yau ma sojoji sun rufe kasuwa, ga jikata Safiya ta dawo da kuka. Wai injin lakwal, makarantar bokonsu, ya duba aikin da ta rubuta wa kwamfuta, ya ce iri ɗaya ne da na ƙawarta 'yar Dapaong, za a hana su jarrabawa. Lokacin da aka yanke rezo, wato intanet, a ɗakina suka ɓuya, tare suka yi aikin. To yaya zai bambanta?

Na ce, "Kai ni wurin injin nan."

Ta ce, "Kaka, ba shi da kunne."

Safiyar nan fa ita ce yarinyar da malam ya zane a makarantar allo saboda ta canza wasali ɗaya! Yanzu kuma laifinta shi ne ba ta canza ba.