Kujerar Inna da Baba Ya Dasa

Gazara, Makarfi.

Zuwa ga Yaya Yahya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ummuhani da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, amin. Yaya ruwan Kalaba? Mu nan lafiya lau, ƙanwarmu Maijidda ta sauka, an samu mace. Gwiwar Inna ce dai tana nan yadda ka sani.

Maganar kujerar ken ɗin da ka aiko wa Inna ce ta sa na ɗauki biro. Wallahi ta ji daɗinta, a kanta take salla, ta huta da neman mai ɗaga ta daga tabarma. Laifinka ɗaya, da ka tsaya yi wa Baba bayani a waya cewa itacen dangin giginya ne, siriri mai ƙaya, yana hawa bishiyoyi a kurmi, kuma masaƙa rububinsa suke yi. Kurmin bai shiga kunnen Baba ba, rububin ne ya shiga. Washegari ya kifa kujerar, ya bi ƙafafunta da yatsa, ya ga gaɓoɓi. Ya ce shekara arba'in yana dashen rake, bai taɓa ganin abu mai gaɓa da ya ƙi tsira a fadamarsa ba. Na ce masa ai busasshe ne, har mai aka shafa masa, ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Ranar da Inna ta tafi barka, ya sa zarto ya rage yatsa huɗu a kowace ƙafa, wai don kada kujerar ta karkace. Ya kwantar da guntayen a kunya kamar rake, kusa da mangwaro don su samu abin hawa, ya zuba taki. Sati uku shiru, ya ce gaɓa ɗaya ce ta yi kaɗan, ya sake yanka. Ita kuwa Inna kullum kuka take gwiwa ta ƙara lalacewa, tashi yana gagararta, ba ta san kujerar ce ke raguwa ba, har ta sa na ƙaro mata man zafi. Na yi dariya a ɓoye, amma ranar da na ga ta idar da salla ta kasa miƙewa, raina ya ɓaci, na tona asirin Baba.

Ana cikin rigimar sai ga wani abu ya tsiro ya kama mangwaron. Baba ya aika har Gubuchi a kira Kawu Gambo ya zo ya gani. Kawu ya murza ganyen, ya ce soso ne. Baba ya ce baƙin ciki ne. To, da shi muke wanke kwanuka yanzu. Garin neman ƙiba an samo rama.

Malamin gona daga Ikara ya ce da ƙwaya ake shuka itacen ken ɗin, a inuwa, kuma raninmu ba zai bar shi ba. Duk da haka ka aiko wa Baba ƙwayar, don na ga ya fara kallon hannun kujerar, wadda yanzu a kan bulo take zaune. Inna kuma ta ce ka taimaka da wata kujerar kafin azumi, amma ta ƙarfe, ta ga ko ita ma zai dasa.

A gaishe da Ummuhani, da Muhsin, da Lubna. Kowa na gaishe ku, har Baba, daga fadama.

Ni ce ƙanwarka,
Mukarrama Sambo