Sai Na Motsa Baki Nake Jin Kuskuren Jimla

Anti, don Allah ki taimake ni kafin kaina ya fashe. Ni ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini ce a asibiti. Wurin aikinmu sun ba ni gurbin ƙaro karatu, da sharaɗin in ci jarrabawar Turanci. Sau biyu ina faɗuwa. Zama na gaba shi ne na ƙarshe, kuma ya matso. In na sake faɗuwa, gurbin ya koma hannun wani.

Sashen gyaran jimla ne ke kashe ni. Za a ba ki jimla an ja wa wani ɓangarenta layi, ki zaɓi gyaran da ya dace. Ni kuwa tun ina firamare ban iya karatu a zuci ba. In na karanta a fili, kunnena yana jin inda jimla ke ɗingishi, musamman in an jero abubuwa uku, ɗaya ya zo da siga daban. A gida nakan shige kicin in yi ta ƙunƙuni, har 'yata ta ce wa babanta wai Mama tana faɗa da tukwane. To a zaman da ya wuce, mai sa ido a ɗakin jarrabawa ta zo ta tsaya a kaina, ta ce in ta ƙara jin muryata waje zan yi. Wallahi ina rufe baki kaina ma ya rufe. Canki-canka na yi ta yi har lokaci ya cika, na fito ina kuka.

Yanzu ƙanen mijina, malamin Turanci, shi ke koya mini. Ya hana ni buɗe baki kwata-kwata, wai kunne maƙaryaci ne, sai dai in haddace ƙa'ida. Hujjarsa tambayoyin kwatanci. Jimla za ta ce albashin likita ya fi malami, kunnena ya ce lafiya lau, shi kuma ya buga biro a tebur, wai albashi da albashi ake aunawa, ba albashi da mutum ba. Na san yana da gaskiya, amma tun da na bi hanyarsa makina sai ƙasa yake yi, har a inda na saba ci. Shekaranjiya na ɗaga masa murya, ya tattara littattafansa ya fita, bai dawo ba. Maigidana ya ce ko in bi malami ko in haƙura da karatun. Abinci ma ya daina shiga. In koma wa kunnena a kore ni, ko in bi ƙanen mijina in faɗi?

Taki,
Mai Faɗa Da Tukwane

*

'Yar'uwa, fara cin abinci tukuna, ba a shiga jarrabawa da ciki fayau.

Ke da ƙanen mijinki, kowannenku ya riƙe rabin gaskiya ya ƙi saki. Kunnenki ba maƙaryaci ba ne. Shekaru kika yi kina horar da shi, kuma a jerin abubuwa yana yi miki aiki. Kuskuren ƙanen mijinki shi ne ƙwace miki shi ana gab da jarrabawa. Amma a kwatanci shi ke da gaskiya, domin jimla takan yi daɗin ji alhali ma'anarta a karkace take.

Saboda haka ki raba musu aiki. Duk inda kika ga kwatanci, tsaya ki tambayi kanki me da me ake aunawa, ki nuna su biyun da yatsa. Sauran ki bar wa kunne, sai dai ki mayar da shi ciki: yau ki karanta da raɗa, in kin saba ki koma motsa leɓe kawai, daga nan ki rufe baki ki bar muryar tana yi a ka. Ki riƙa yin haka da agogo a gabanki, a falo cikin mutane, kuma ki sa maigidan ya tsaya a kanki yana muzurai. Tsoron mai sa idon nan ne ya kayar da ke, ba rashin sani ba, kuma shi ma sabawa ake yi da shi.

Ƙanen mijinki kuwa, ki kira shi yau ki ba shi haƙuri, sannan ki gaya masa kwatanci kawai kike so ya koya miki. Kada girman kai ya cinye miki gurbin da kika sha wahala a kansa.

Allah ya ba ki sa'a. Ranar jarrabawar, ki shiga bakinki a rufe, babu mai sa idon da ke jin abin da kike karantawa a zuci.