Furannin Uwaisu

Tudun Wada, Zariya
9 ga Mayu

Zuwa ga ƙanwata Luba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina ƙara yi miki gaisuwar rashin da muka yi. Allah ya jiƙan ƙanina Uwaisu, ya sa ya huta. Yaya ƙarin haƙuri? Yaya 'yata Muhibbat?

Kin san kunnuwana sun yi nauyi, waya ba ta yi mini amfani, shi ya sa na koma ga biro. Mun zauna da 'yan'uwa, shawara ta tsaya a kan cewa idan kin fita takaba ki tattaro ku dawo gida ke da yarinya. Ɗakinku yana nan. Inna kullum sai ta tambayi jikarta.

Na ji ana maganar wani lambu da marigayi ya bari. Ki sa wani ya rufe shi. Ke dai ki zauna a ɗakinki har Allah ya kawo ƙarshen kwanakin.

Wassalam. Yayanki,
Baha'uddeen

*

Catford, London
2 ga Yuni

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kana lafiya, da Inna, da mutanen gida. Haƙuri sai godiya. Wasiƙarka ta iso, na ga rubutun sai hawaye, don kusan hannunku ɗaya da ƙaninka.

Yaya, lambun nan ba irin wanda ake ja masa ƙofa a tafi ba ne. Rumfar gilas ce ya kama haya a bayan gari, ta wajen Kent, a hannun wata tsohuwa mai suna Cynthia. Shekarun da ya yi yana aikin kula da tsofaffi, burinsa kenan, ya koma noman da ya karanta a Samaru. Fure ɗaya ya zaɓa, suna kiransa tirakiliyam. Kansa kamar buɗaɗɗiyar lema yake, 'yan mitsi-mitsin furanni launin shunayya sun yi cincirindo a wuri ɗaya. Masu ƙawata wurin biki suna sonsa, kuma yawanci daga ƙasar waje ake kawo musu.

Irinsa ya fi na alayyafo ƙanƙanta, ba a ma rufe shi da ƙasa, sai an bar shi ya ga haske. A tsakiyar sanyi ya shuka shi a kicin ɗinmu, ya cika mana teburi da faranti da fitilu, har muna cin abinci a ƙasa. Da suka yi ƙwari ya kai su rumfa ya dasa, ya ɗaura musu raga don kada su kwanta. Yana cikin ɗaurin ragar ƙarshe ya faɗi. A can Cynthia ta same shi.

Yanzu sun kai ƙugu, wata mai zuwa za su buɗe. Suna son ruwa daidai, ba yawa ba kaɗan ba, kuma sai an buɗe tagogin sama in rana ta yi. Fausia, wata 'yar Gana mai sayar da fure a kasuwar Deptford, ita ta yi alkawarin saye, ita ce kuma take leƙawa in ta samu sarari. Amma tana da tebur, tana da yara.

Na tambayi wani malami a nan, ya ce mai takaba tana iya fita da rana don lalura ta dawo ta kwana a ɗakinta. Duk da haka ban fita ba. Kai ka raine shi, bai taɓa yin abu ba tare da ya ji daga bakinka ba, ba zan fara a bayan ransa ba. Ina roƙonka izini.

A gaida Inna. Ƙanwarka,
Luba

*

Tudun Wada
18 ga Yuni

Luba,

Bayan gaisuwa. Na karanta, na kuma sake karantawa. Ban musa wa malaminku ba, amma lalura ita ce ci da sha da asibiti. 'Yan garinmu suna da yawa a nan inda kike, gobe za a bugo a ce an ga matar Uwaisu a jirgin ƙasa wata biyu da rasuwarsa. Inna ba za ta iya ɗaukar wannan ba. Wanda ya shuka ya tafi, abin da ya shuka ba zai fi shi ba. Ki yi haƙuri ki zauna.

Allah ya yi miki albarka.
Baha'uddeen

*

Catford
24 ga Yuli

Yaya,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa. Na daɗe ban rubuto ba, don ban san ta inda zan fara ba.

Na zauna kamar yadda ka ce. Sai aka shiga wani zafi da tsofaffin garin nan suka ce sun daɗe ba su ga irinsa ba. Cynthia tana asibiti an yi mata aikin gwiwa, ɗan Fausia kuma ya kwanta, ta yi kwanaki ba ta je ba. Ranar da ta je ta kira ni tana kuka, da irin Hausarsu: "Luba, ka zo! Fure duka ya kwanta, ka zo da kanka!"

Muhibbat tana gefena ta ji. Shekararta sha shida, Yaya, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsawa. Ta dube ni ta ce wai babanta ya mutu babu kowa a kusa da shi, yanzu ga abinsa ma na bar shi ya mutu shi kaɗai. Ta shige ɗaki ta kulle.

Na ɗauki hijabina na fita. Ba zan ɓoye maka ba, na shiga jirgin ƙasa, kuma wata 'yar Kaduna ta gan ni ta gaishe ni.

Da na buɗe ƙofar rumfar, hucin da ya buge ni kamar na murhu. Tagogin sama a rufe, tiyo ya cire daga famfo, ruwa ya malale a waje ɗaya. Layukan sun sunkuya a kan raga, kawunan sun ƙone sun yi launin ƙasa. Inda ruwan ya kwanta kuma saiwa ta ruɓe, ina taɓa kara sai ya biyo hannuna. Takalmansa na roba suna bakin ƙofa yadda ma'aikatan asibiti suka cire masa su. Na zauna kusa da su na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, don ranar mutane sun yi yawa.

Layi ɗaya ya tsira, na jikin bango inda inuwar wata bishiya take sauka. Fausia ta ce sun yi daidai yanka, yawancin 'yan furannin sun buɗe saura kaɗan. Ta koya mini: a yanka daga ƙasa, a zage ganye, a tsoma a bokiti nan take, don furen nan ba ya jure ƙishi ko na ɗan lokaci. Muna cikin yi sai ga Muhibbat, ashe ta biyo bayana. Ta ɗauki almakashin babanta ta kama ɗaya gefen.

Bokiti huɗu muka samu a rumfar da ya ce za ta cika mota. Wata mai shagon fure da Fausia ta sani, Sharon, ta karɓa don wani biki. Ta ce ba ta taɓa riƙe mai tsawon kara da ƙwari irinsa ba, ta tambayi wa ya noma, ko zai kawo mata na baɗi. Fausia ce ta amsa mata.

Na koma ɗakina kafin magariba. Idan na yi laifi, tsakanina da Allah ne.

Luba

*

Tudun Wada
5 ga Yuli

Ƙanwata Luba,

Assalamu alaikum. Ban ji daga gare ki ba tun wasiƙata ta baya, na san kin ji nauyinta.

Jiya Inna ta matsa sai na karanta mata abin da kika rubuto. Da na kai inda kika roƙi izini ta ce, "Me ka ce mata?" Na faɗa. Sai ta ce, "Da sunana ka hana ta? Shekarar da ubanku ya rasu gyaɗarsa tana ƙasa. Ina cikin takaba na goya Uwaisu na je na cire ta, kana makarantar kwana ba ka sani ba. Mutane sun yi magana, suka gaji suka daina. Ka ce mata ta je ta girbe wa ɗana abinsa."

To, Luba, ki je. Ki fita da safe ki dawo da yamma, wanda ya yi magana ki turo shi wurina. Yara sun ce su aiko miki ta waya, na ƙi, don da hannuna na hana ki, da hannuna nake so ki ga na ba ki. Na ba Dakta Affan maƙwabcinmu, jibi zai taso zuwa London, ya fi gidan waya sauri.

Idan sun buɗe ki ɗauko mana hoto. Inna tana so ta gani.

Yayanki,
Baha'uddeen

*

Catford
12 ga Agusta

Yaya,

Wa alaikumus salam. Sai yau Dakta Affan ya kawo wasiƙarka ta 5 ga Yuli. An ɗaga masa tafiya ne, ya yi ta ba da haƙuri, bai san abin da ke ciki ba, ni ma ban faɗa masa ba. Na san tawa ta riga ta same ka.

Hoto babu, ranar hankalina bai kai nan ba. Makon jiya muka tuge abin da ya rage muka share rumfar. Cynthia ta ba wani mai noman tumatir, na mayar mata da makulli.

Maganar dawowa, na yi wa Muhibbat. Ta ce wa za a bar wa kabarin babanta? Amsar dawowa dai, kada ka neme ta a wurina yanzu.

Ka ce wa Inna na gode. Ka ce mata sun yi tsawo, sun kai mini ƙirji.

Ƙanwarka,
Luba